MAI ZANE YA ZAMA MAI KAYA

Sanin kowa ne cewa duk abin da mutum ya ɗauka a kanti, buta ce ko cokali, fitila ce ko alƙalami, akwai wanda ya zauna tun farko ya yanke shawarar tsawonsa da nauyinsa, da inda hannu zai riƙe, da irin abin da za a yi shi da shi. Mai saye ba ya ganin wannan mutum, ba ya kuma jin sunansa. Sunan kamfani kaɗai yake gani a jikin kwali. Wannan sana'a ita ce zanen fasalin kayan masana'antu, kuma a ƙasashen da suka yi nisa da ita akwai ƙananan kamfanoni masu yawa, waɗansu na mutum biyu, waɗansu na mutum goma, da ba su da wani aiki sai ita.

Bisa al'ada, irin wannan ƙaramin ɗakin zane ɗan ƙodago ne. Babban kamfani ya kawo masa aiki, ya zana, ya miƙa takardu, a biya shi ladansa sau ɗaya, a yi sallama. In kayan sun karɓu aka yi shekara ashirin ana cinikinsu, ribar ta mai suna ce. In an ga dama a rage ingancinsu domin a sauƙaƙa tsada, ba a neman izininsa. Watau dai kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Wannan ne ya sa waɗansu masu zane suka yi ta maza, suka daina jiran a kawo musu aiki, suka shiga ƙirƙiro kayan kansu, su sa musu sunansu, su kai kasuwa da kansu. Abin ya cancanci a dube shi da idon basira, domin akwai darasi a cikinsa ga ɗalibai masu shirin fita neman abin yi, da kuma ma'aikatan hukuma da ke riƙe da takardun da irin wannan yunƙuri yake rayuwa ko mutuwa a kansu.

Misali mafi sauƙin fahimta shi ne na wani ɗan ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Studio Neat. Mutum biyu ne suka kafa shi, Tom Gerhardt da Dan Provost, a lokacin kowannensu yana aikin albashi a birnin New York. Cikin shekarar 2010, da wayar iPhone 4 ta fito da kyamara mai kyau, sai suka lura babu wata hanya mai sauƙi ta ɗora ta bisa ƙafar nan mai reshe uku da masu ɗaukar hoto suke amfani da ita. Suka zana ɗan guntun roba guda, wanda bai fi tsawon yatsa ba sosai, ba shi da sashen da ke motsi ko ɗaya. A zura gefen wayar a cikinsa, a ɗaura shi bisa ƙafar, ko kuma a jingine wayar da shi a kan tebur. Suka sa masa suna Glif.

Samfurin gwaji ba su sayi inji domin yin sa ba. Sun aika da zanen kwamfuta ga wani kamfani mai injin da ke gina abu hawa-hawa, aka yo musu, suka gwada, suka gyara, suka sake aikawa. Da suka gamsu, sai suka kai maganar dandalin karo-karo na intanet mai suna Kickstarter cikin watan Oktoba na wannan shekara, suka ce dala 10,000 suke nema domin a sassaƙa musu mazubin ƙarfe, duk wanda ya ba da dala 20 kuma za a aika masa da guda ɗaya in an gama. Kafin wa'adi ya cika mutum fiye da 5,000 sun amsa, kuɗi ya haura dala 137,000. Wata ƙaramar masana'anta a jihar Dakota ta Kudu ta zuba musu robar, wani kamfani daban ya ɗauki aikin ajiya da aikawa. Ba da jimawa ba suka ajiye aikin albashi. A shekarar 2011 suka fito da Cosmonaut, wani alƙalami mai kauri na rubutu a fuskar kwamfutar hannu, a 2018 kuma suka fito da alƙalamin tawada mai suna Mark One. Shekaru suka yi a haka, su biyu rak, ba su da masana'anta, ba su da kanti, ba su kuma sayar wa wani attajiri rabin kamfaninsu ba.

Mai karanta wannan labari zai iya zaton sa'a ce kawai. Ba shakka akwai sa'a a ciki, amma akwai kuma abubuwa uku da suka yi da gangan. Na farko, sun zaɓi matsalar da su kansu suke fama da ita, saboda haka ba su bukaci wani ya gaya musu ko maganin ya yi ba. Na biyu, sun zaɓi abu mai sashe ɗaya, domin kowane ƙarin sashe ƙarin mazubi ne, ƙarin haɗi ne, ƙarin wurin lalacewa ne. Na uku, ba su kashe babban kuɗi ba sai da suka ga masu saye sun ba da kafin alƙalami. Ƙanƙantarsu ba ta zame musu cikas ba, ita ce ma ta cece su, gama kasuwar da babban kamfani zai raina ta ishi mutum biyu su ci su sha su ajiye.

To, amma wajibi ne a faɗi ɗaya gefen, domin kada ɗalibi ya ɗauka zane mai kyau shi ne dukan aikin. Ranar da mai zane ya zama mai kaya, ranar ce ya ɗauki duk nauyin da a da babban kamfani yake ɗauke masa. Shi zai nemo masana'anta, shi zai yi ciniki da ita, shi zai duba kayan ɗaya bayan ɗaya, shi zai ji da kwali da sito da kwastan da haraji, shi kuma zai amsa wa wanda ya sayi abu ya karye a hannunsa. Zanen da ya ƙware a kai ya koma ɗan ƙaramin yanki na yininsa.

Mafi nauyi a cikin waɗannan shi ne mazubi. Kayan roba ana yin su ne ta hanyar narka robar a tura ta da ƙarfi cikin wani ƙarfe da aka sassaƙe cikinsa daidai da siffar abin da ake so. Kuɗin wannan ƙarfe ana biyansa ne gaba ɗaya tun ba a sami ko guda na sayarwa ba, in kuma aka yi kuskure a zanen, gyaransa wani sabon kuɗi ne. A ɗauka alal misali mazubi ya ci Naira miliyan 6. In guda 1,000 aka zuba da shi, kowane ɗaya yana ɗauke da Naira 6,000 na kuɗin mazubi kaɗai, ban da roba da ƙwadago da sufuri. In kuwa guda 20,000 aka zuba, abin ya sauko zuwa Naira 300. Nan ne ƙaramin ɗakin zane yake shiga tsaka mai wuya. In ya yi kaɗan, kayansa su yi tsada. In ya yi da yawa, jarinsa ya kwanta a sito yana jiran mai saye.

Haɗari na biyu shi ne jingina da katangar wani. Cikin wannan shekara ta 2010, wani mai zane a birnin Chicago, Scott Wilson, wanda ya taɓa riƙe babban muƙami a sashen zane na kamfanin Nike kafin ya buɗe nasa ɗakin mai suna MNML, ya zana maɗaurin hannu da ke mai da ƙaramar na'urar sauraren waƙa ta iPod nano ta zama agogo. Kamfanonin da ya tuntuɓa ba su karɓa ba. Ya nemi dala 15,000 a wajen jama'a, mutum fiye da 13,000 suka tara masa sama da dala 940,000, abin da ba a taɓa gani ba a dandalin a lokacin. Amma a shekarar 2012 kamfanin Apple ya sake wa na'urar fasali, ta yi tsawo, ba ta ɗauruwa a hannu kuma. Kamfanin bai shawarci kowa ba, ba kuma wajibinsa ba ne. Masu Glif su ma sun gamu da irin wannan, domin da kaurin wayoyi ya canja sai da suka sake zana abin nasu yadda zai buɗe ya tsuke ya kama kowace iri. Wanda ya yi gini a filin aro, tilas ya kwana da shirin tashi.

Haɗari na uku shi ne alkawari. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A shekarar 2014 wani mutum a birnin Portland na Amurka ya tallata akwatin sanyaya abin sha mai suna Coolest Cooler, wanda aka cusa masa injin markaɗe da lasifika da wurin cajin waya da fitila. Mutum fiye da 60,000 suka ba da kuɗi, aka tara sama da dala miliyan 13. Sai ga shi kuɗin ƙera akwatin da aika shi ya zarce abin da aka karɓa a hannun mutane. Kamfanin ya rufe a ƙarshen 2019, kimanin mutum 20,000 ba su ga akwatinsu ba. Yawan kuɗi bai cece shi ba, hasali ma shi ya ƙara girman ramin, gama duk akwatin da aka yi alkawari a kan farashin da bai kai ba, hasara ce aka rubuta tun kafin a fara.

Haɗari na huɗu shi ne kwaikwayo da ƙwace. A nan labarin James Dyson na Ingila ya isa ishara. Ya yi karatun zane a Landan, kuma a shekarar 1974 ya fito da baro mai ƙwallo a maimakon taya. Ya sa takardar mallakar ƙirƙirar da sunan kamfanin da suka kafa da abokan jari, ba da sunansa ba, saboda haka da aka fitar da shi daga kamfanin a 1979 sai ya fita hannu rabbana. Daga nan ya shiga neman injin shara mai zuƙe ƙura wanda ba ya bukatar jaka a ciki. Shekara biyar ya yi a wani ɗaki a bayan gidansa, ya yi samfurin gwaji 5,127, albashin matarsa mai koyar da zane yana riƙe da gida. Manyan kamfanoni suka ƙi karɓa, kuma ba abin mamaki ba ne, domin sayar da jakunkunan da ake canjawa babbar hanyar riba ce gare su. A 1986 aka fara sayar da injin a kasuwar Japan. Da abin da ya samu daga can ya buɗe tasa masana'anta, ya fito da inji mai ɗauke da sunansa a 1993, cikin shekara biyu ya wuce kowane a kasuwar Ingila. Da kamfanin Hoover ya fito da mai kama da shi, Dyson ya kai ƙara, kotu ta ba shi gaskiya a shekarar 2000, aka biya shi diyyar kimanin fam miliyan 4. Karon farko takarda ta kashe shi, karo na biyu takarda ta tsare shi. Akwai kuma wani abin lura a ƙarshen labarin: a 2002 ya mai da aikin haɗa injunan ƙasar Malesiya, ma'aikata kimanin 800 suka rasa aiki a Ingila. Zane yana iya zama a ko'ina, amma ƙira takan bi inda masu yin sassa suke.

To, ina ruwan ƙasar nan da wannan duka? Ruwa kuwa babba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashe sukutum na zanen kayan masana'antu, inda ake koyar da aikin yumɓu da na saƙa da na zanen bugawa, akwai kuma irinsa a waɗansu jami'o'i da kwalejojin fasaha. Kowace shekara ɗalibai suna fitowa da ayyukan kammala karatu, a yaba, a ba da maki, a kulle su a ɗaki ƙura ta rufe. A da ana sa ran manyan masana'antu za su ɗauke su. Amma masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya tun farkon wannan ƙarni, a Bompai da Sharaɗa da Chalawa ma ƙofofi da dama sun rufe. Wanda ya ce zai jira babban kamfani ya kawo masa aikin zane, jiran zai yi tsawo. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ba kuma za a ce basirar baƙuwa ce a nan ba. Malam Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya fito daga gidan magina tukwane, ya ɗauki tsohon sani ya tsara shi ya zama kayan sayarwa: ƙaramar randa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da danshin tsumma. Yayin da ruwan yake bushewa sai ya tafi da zafin abin da ke ciki. Gautan da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Da albashinsa ya biya magina suka yi dubban farko, ya rarraba a ƙauyuka domin mutane su gani da idonsu, kuma a shekarar 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex mai ɗauke da dala 75,000. In an lura, ƙa'idojin nan uku ne ya bi: matsalar da ya sani, abu mai sauƙin sassa, da masu ƙira da ke kusa da shi. Haka nan duk wanda ya shiga kasuwar Panteka a Kaduna, ko ya ga masu zubin tukwanen dalma da masu ɗinkin takalma na Ƙofar Wambai a Kano, ya san hannu ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gadar da za ta haɗa mai zane da maƙeri, ta haɗa su biyun da jari da doka da kasuwa.

Saboda haka wannan jarida tana ganin akwai abubuwa huɗu da ya kamata a yi, kuma babu wanda ya fi ƙarfin hukuma a cikinsu.

Da farko, a daina ɗaukar cewa taimakon masana'antu shi ne gina katafaren gini a yanke kyalle. Abin da ƙaramin ɗakin zane yake bukata shi ne wurin da zai je ya yi samfurin gwaji, da wurin da za a sassaƙa masa mazubi a kan farashin da zai iya, da wutar lantarkin da ba za ta ɗauke ana tsakiyar zubi ba. Cibiyoyin renon fasaha na Gwamnatin Tarayya da ɗakunan injuna na kwalejojin fasaha suna nan. A gyara injunan da ke ciki, a sa musu ƙwararru, a buɗe su ga jama'a bisa kuɗin haya sananne da aka manna a bango.

Na biyu, a kai sanin doka cikin aji. Dokar mallakar ƙirƙira da zane ta 1970 ta ba wanda ya yi rajistar zanensa kariya ta shekara 5, ana kuma iya sabuntawa sau biyu, jimla shekara 15, ita kuwa takardar mallakar ƙirƙira shekara 20 take yi. Amma dokar ta gindaya sharaɗi, cewa zanen ya kasance sabo, bai riga ya bazu ga jama'a ba kafin a shigar da takarda. Ɗalibi nawa ne ya san cewa ɗokin nuna aikinsa ga duniya kafin rajista yana iya raba shi da haƙƙinsa? Ya kamata kowace makarantar da ke koyar da zane ta koyar da wannan, tare da lissafin farashi da karanta yarjejeniya, ta kuma fayyace a rubuce wane ne mai aikin kammala karatu, ɗalibi ne ko makaranta.

Na uku, hukuma ta zama mai saye na farko. A shekarar 2017 an sa hannu a kan umurnin shugaban ƙasa mai lamba 003, wanda ya ce ma'aikatu su fifita kayan gida wajen sayen irin su kujeru da tebura da kayan rubutu da takalma da kayan sarki. Umurni a takarda ba ya zuba roba. Ma'aikacin da ke rubuta sharuɗɗan kwangila shi ne yake da wuƙa da nama. In ya raba babbar kwangila gida-gida yadda ƙaramin kamfani zai iya ɗauka, ya tsaya kan inganci ba sani ba sabo, ya kuma tabbatar an biya cikin lokaci, to ya yi wa masana'antu abin da taron ƙara wa juna sani goma ba zai yi ba. Babban ɗan kwangila yana iya jure jinkirin biya na shekara guda. Kamfanin mutum biyu wata uku ya isa ya binne shi.

Na huɗu, bankunan da aka kafa domin masana'antu su fahimci irin wannan sana'a. Mai zane ba shi da fili ko gida da zai jinginar. Abin da yake da shi samfur ne, da takardar rajista, da jerin waɗanda suka ba da kafin alƙalami. Ya kamata a samo hanyar auna waɗannan, a ba da rance kaɗan-kaɗan, mataki bayan mataki, kowane mataki sai an ga abin da aka yi da na baya.

Su kuma ɗalibai, nasu kason ya fi na kowa nauyi. Kada a fara da mota ko jirgi. A duba cikin gida da ɗakin girki da aji da ofis, a ga abin da ke wahalar da mutane kullum har sun saba da shi: murhun da ke cin gawayi, kujerar makaranta da ke karyewa a zango ɗaya, mazubin ruwan da ke tsiyaya. A zaɓi ɗaya, a zana, a kai wa maƙeri, a saurari gyaransa ba tare da girman kai ba, domin shi ya san abin da ƙarfe zai yarda da shi. A ba mutane su gwada, a karɓi sukarsu. A yi lissafin farashi sau biyu kafin a karɓi kwabon kowa, in an yi alkawari kuma a cika. Watannin horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai kada su ƙare a zaman benci, a nemi inda inji yake aiki a tsaya kusa da shi.

Ba kowane ne zai yi nasara ba, kuma ba daidai ba ne a ruɗi matasa da cewa hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. Waɗansu za su gwada su faɗi, waɗansu za su ga aikin ƙodagon ya fi musu kwanciyar hankali, wannan kuma ba abin kunya ba ne. Amma ƙasar da duk butarta da cokalinta da fitilarta wani ne ya yanke musu fasali a wata nahiya, ta bar wa wani ribar, ta kuma bar masa sanin yadda ake yi, wanda shi ne ya fi ribar tsada. Mutum biyu da ɗan guntun roba sun nuna ana iya farawa da kaɗan. Malami guda da randa biyu ya nuna ana iya yi a nan. Saura a share hanya, masu tafiya kuma su ɗaura ɗamara. Allah ya sa a gane, ya kuma ba da ikon aikatawa.